Tsohuwar Murya, Sabuwar Kwampaila

Malam Isyaku ya gama rubuta littafinsa wata biyu kafin idonsa ya rufe gaba ɗaya. Tsohon hedimasta ne, ɗan baduku jikan baduku, kuma tun da ya yi ritaya ya ɗora wa kansa rubuta tarihin dukawan birni: gidajensu, irin ɗinkin da kowane gida ya yi suna a kai, da sunayen kayan aikin da yanzu ba kowa ya san su ba. Da yatsu biyu ya buga shi a kwamfuta, shafi ɗari biyu da arba'in, a soron gidansa da ke Ƙofar Ɗan Agundi. Saura gyara kawai, sai hawan jinin ido da ya daɗe yana cin sa ya ƙarasa aikinsa.

'Yarsa Sa'ida, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa ta ci, ita ta ɗauki nauyin karanta masa. Mai rubuta manhajar kwamfuta ce, tana yi wa wani kamfani aiki daga gida, a ɗakin da ke jikin soro. Kullum bayan la'asar takan rufe aikinta ta karanta masa shafi biyar ko shida. Amma ba a jima ba ta lura da wani abu. Mahaifinta mutum ne da yake son ya ji jimla sau goma kafin ya yarda da ita, amma da ya sa ta maimaita sau biyu sai nauyi ya kama shi, ya ce, "Wuce kawai, ta yi." Ita kuwa ta san ba ta yi ba, don tana ganin leɓensa yana ci gaba da juya jimlar.

Sai ta sa masa manhajar da ke karanta rubutu da murya, don ya riƙa aikinsa shi kaɗai. Ta Turanci ce, don ita ta samu. Manhajar ta zo kan ƙofa ta ce ofa, ta zo kan ɗinki ta ce inki, duk harafin da ke da lanƙwasa sai ta tsallake shi kamar mai tsallake kwata.

"Kashe ta, Uwata," in ji Malam Isyaku. "Wannan ba karatu ba ne, cin mutunci ne."

A makon ne wani tsohon ɗalibinsa, Muttaka, ya zo dubiya. Mutum ne mai kimanin shekara arba'in da biyar, mai sayar da kayan gyaran keken ɗinki a Jakara. Da Malam ya ba shi labarin manhajar da ke cewa ofa, bai yi dariya ba kamar sauran masu zuwa dubiya. Washegari sai ga shi ya dawo, bai ko zauna ba, ya miƙa wa Sa'ida wani tsohon filash da aka ɗaure da zaren ɗinki.

"Kafin in shiga kasuwa, irin aikinki nake yi," ya ce. "Shekara goma sha ɗaya da suka wuce na yi wata murya mai karanta Hausa. Tana ciki. Ban yi miki alkawarin za ta tashi ba."

Kafin ta gama godiya ya sa takalminsa ya tafi.

Abin da ke cikin filash ɗin laburare ne, wato dunƙulen manhaja da aka riga aka gama, wanda wata manhajar za ta iya jingina da shi. Mai rubuta manhaja yakan yi rubutunsa da yaren da mutum zai iya karantawa, sai wata manhaja da ake kira kwampaila ta juya shi zuwa yaren na'ura. Daga nan sai linka, wadda aikinta kamar na tela ne, ta ɗinke guntayen da aka juya su zama riga ɗaya. Muttaka bai ba ta asalin rubutunsa ba. Juyayyen ya ba ta, da ɗan gajeren fayil mai jera sunayen ayyukan da laburaren ke iya yi.

Sa'ida ta ga abin ba wuya. A yini biyu ta rubuta nata ɓangaren: ya buɗe littafin Baba, ya miƙa wa muryar jimla, maɓalli ɗaya na maimaitawa, ɗaya na wucewa gaba, ɗaya na komawa baya. Ranar Laraba da hantsi ta ba da umarnin haɗawa. Kwampaila ta gama nata lafiya. Da aka zo kan linka, sai allon ya cika da jan rubutu, layi arba'in da ɗaya, kowanne da kalmomi biyu iri ɗaya: undefined reference. Ma'anarsa, linka tana cewa an kira wani suna, ta duba ko'ina ba ta ga mai sunan ba.

Ta zaci hanyar fayil ɗin ta rubuta ba daidai ba. Ta duba, daidai take. Ta zaci jerin laburaren ne ya birkice, ta sake jera su, na gaba ya koma baya. Layi arba'in da ɗaya suna nan. Ta share komai ta sake haɗawa daga tushe. Har aka kira azahar ba abin da ya motsa.

"Uwata, ta yi magana?" Malam ya tambaya daga soro.

"Tukuna, Baba."

"To, Allah ya sa ta yi."

Ranar Alhamis ta daina zato, ta buɗe cikin laburaren da kanta ta jero duk sunayen da ke ciki. Ga su nan kuwa, ba wanda ya ɓata. Aikin da ke buɗe murya yana nan, aikin da ke furta jimla yana nan. Ta ajiye sunan da linka ke nema a sama, sunan da ke cikin laburaren a ƙasa, ta bi su harafi bayan harafi da bakin biro a jikin allo. Kwampaila ba ta barin suna yadda mutum ya rubuta shi, takan yi masa dogon lakabi mai bayyana irin kayan da aikin ke karɓa. A tsakiyar lakabin na sama akwai wasu 'yan haruffa da babu su a na ƙasa.

Ta jingina da kujera ta sauke numfashi. Yanzu ta gane. Shekarun baya masu kwampailar sun sauya yadda ake ajiye rubutu a cikin na'ura, sai suka sauya lakabin don kada tsoho da sabo su cakuɗe. Muttaka da tsohuwar kwampaila ya yi aikinsa, ita kuma sabuwa ce a hannunta. Ita tana kiran suna da lakabin yau, laburaren kuma lakabin jiya kawai ya sani.

Akwai sananniyar dabara: a umarci sabuwar kwampaila ta yi lakabi irin na da. Layi ɗaya ne. Ta rubuta shi, ta sake haɗawa, tana murmushi. Layi arba'in da ɗayan suka ɓace, wasu ɗari biyu da wani abu suka maye gurbinsu. Laburaren da ke buɗe fayil ɗin littafin, da wanda ke kula da maɓallai, duk sababbi ne, su kuma lakabin yau suka sani. Ta gyara wa tsoho zama, ta kori sababbi. Ta gwada sake gina sababbin da tsohon lakabi, sai ta tarar kowannensu yana jingine da wasu uku, su ma ukun suna jingine da wasu. Da ta ƙirga ta kai goma sha bakwai ta tsaya.

Hanya mafi tsabta ita ce a samo asalin rubutun Muttaka a sake juya shi da sabuwar kwampaila. Ranar Asabar da safe ta yafa mayafi ta tari adaidaita sahu zuwa Jakara. An yi ruwa da asuba, lungunan duk taɓo, ta riƙa ɗage zane tana raɓa jikin gini har ta iso shagonsa. Ɗan ƙaramin shago ne cike da kwalayen allura, da bel, da ƙananan kwalabe na man keke. Tana isa ta tarar yana kwakkwance wani keken ɗinki, ya jera sukurori a kan faranti bisa girmansu.

Bayan sun gaisa ta ce, "Malam Muttaka, asalin rubutun na zo nema. Wanda ka ba ni da tsohuwar kwampaila aka yi shi, ya ƙi haɗuwa da nawa."

Bai ɗago ba. "Babu shi."

"Ko a wata kwamfutar? Ko a imel?"

"Kwamfuta ɗaya gare ni a lokacin. Shekarar da ruwa ya shiga gidajen unguwarmu tana ƙarƙashin gado. Na kai ta wajen masu gyara har uku." Ya ɗauki wani sukuru ya duba ya ajiye. "Filash ɗin nan ma don yana aljihun wata riga ne ya tsira."

Sa'ida ba ta tashi ba. "To wace kwampaila ce? Lambarta nake so."

"Huɗu da ɗigo takwas, in ban manta ba." Sai a lokacin ya dube ta. "Malama Sa'ida, bari in gaya miki gaskiya. Na yi nadamar ba ki abin nan. Tausayin Malam ne ya ɗebe ni. Shekara biyu na yi a kansa. Ranar da na kai shi gaban waɗanda za su ɗauki nauyinsa, zaure cike da manya, muryar ta karanta layi biyu ta maƙale, ta riƙa nanata gaɓa ɗaya kamar akuya. Wani daga cikinsu ya yi dariya har da hawaye, ya ce in bar wa Turawa aikinsu. Daga ranar ban sake buɗe shi ba. Ki nemi wata hanya, kada ki ɓata lokacinki."

"Na nemi wasu hanyoyin," ta ce. "Waɗanda na samu sai da intanet suke aiki, kuma ka san yadda sabis yake a soronmu. Baba yana son abin da zai danna ya amsa masa nan take, ko da wuta ko babu. Naka ne kawai zai yi haka."

"Idan ya tashi."

"Zai tashi."

Ya girgiza kai ya koma kan kekensa. Ta yi masa sallama.

A cikin adaidaita sahu, tun kafin su fita daga cunkoson bakin kasuwa, ta gama tsara abin da za ta yi. Tunda tsoho da sabo ba za su zauna ɗaki ɗaya ba, sai ta raba musu ɗaki ta sa tafinta a tsakani. Za ta samo tsohuwar kwampailar ta killace ta a gefe guda cikin kwamfutarta. Da ita za ta rubuta ɗan siririn ɓangare da zai rungumi laburaren Muttaka, ya yi magana da shi da lakabin jiya. Ta waje kuma ɓangaren zai buɗe ƙofofi uku kacal, buɗe murya, furta, rufe murya, da sunaye tsirara marasa lakabi, irin waɗanda kowace kwampaila, tsohuwa ko sabuwa, take ganewa.

Samo tsohuwar kwampailar ma sai da ya ci mata yini guda, don sau biyu saukarwar tana katsewa a tsakiya. Litinin da Talata aikin kamfani ya danne ta, ba ta taɓa komai ba, sai dai ta karanta wa Baba shafukansa bayan la'asar kamar kullum. Ranar Laraba ta rubuta tafintan, layi tamanin da 'yan kai. Ta juya shi da tsohuwar kwampaila, ta juya nata da sabuwa, ta ba linka umarni, ta ɗora hannu biyu a ka tana kallon allo.

Babu jan rubutu ko ɗaya. Linka ta gama ta yi shiru, irin shirun da mai wannan sana'a ya fi so a kan kowane yabo.

Ba ta gaya wa Baba ba tukuna. Ta rage ƙarar lasifika, ta rubuta "Sannu da aiki", ta danna. Muryar mace ta fito, a sarari, ta ce "Sss", ta tsaya.

Ta rubuta "Barka da rana". Muryar ta ce "B". Ta rubuta jimla mai tsawon layi uku, muryar ta furta harafin farko ta yi gum.

Wannan ya fi jan rubutu ciwo, don jan rubutu aƙalla yana gaya maka inda ke masa ƙaiƙayi. Yanzu kuwa linka ta gamsu, kwampaila ta gamsu, ba mai ƙorafi, amma abu bai yi ba. Ta bi tafintan layi-layi, ta tabbatar jimlar tana isa bakin ƙofar laburaren cikakkiya. Abin da ke faruwa bayan ta shiga ne ba ta iya gani. Ta yi zargin akwai wani saiti da Muttaka ya ba kwampailarsa wanda ita ba ta ba tata ba. Amma saitunan kwampaila sun fi ɗari, kuma mai shi ya ce kada ta ɓata lokacinta.

Ta buga masa waya duk da haka. Ya ce wallahi ba zai iya tunawa ba, shekara goma sha ɗaya ba kwana goma sha ɗaya ba ce. Har za ta ajiye, sai ta ce, "Malam Muttaka, muryar wace ce?"

Ya ce, "Ta mai ɗakina ce. Nana Hauwa."

"Ka ba ni izini in je in gaishe ta?"

"Gidan ai naku ne," ya ce, da muryar wanda ya rasa hanyar ƙi.

Ranar Juma'a da yamma ta je. Nana Hauwa malamar firamare ce, doguwa, mai yawan dariya, kuma tana buɗe baki Sa'ida ta gane muryar. Ta shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, ta kawo zoɓo mai sanyi. Sa'ida ta buɗe kwamfuta ta danna mata. Da Nana Hauwa ta ji kanta ta ce "Sss" ta tsaya, sai ta kama ciki tana dariya.

"Oh ni! Wata huɗu ina zama cikin sif ɗin kaya, an lulluɓe ni da bargo don kada ƙarar unguwa ta shiga, ina karanta jimla dubu uku, ga cikin fari ina ɗauke da shi. Ashe abin da ya rage mini ke nan, sss!"

"Anti, duk suna nan ciki. Ƙofar ce ta ƙi buɗuwa. Akwai wani saiti da ya yi wanda ya manta. Na ce ko ya taɓa rubuta wani abu a takarda?"

Nana Hauwa ta daina dariya ta yi tunani. "Shi dai ba ya ajiye takarda. Amma ni ina ajiyewa." Ta tashi ta shiga ɗaki. Sa'ida ta ji ana jan akwati, ana sauke kwanuka. Can sai ga ta da wani littafin rubutu mai bangon kwali, gefensa ya yi tabon ruwa. "Jimlolin da na karanta ke nan. Ni na kwafe su da hannuna don rubutunsa kamar tafiyar kaza yake. Idan yana aiki ya rasa takarda, sai ya fizgi wannan ya yi rubutu a baya. Mun sha faɗa a kan haka."

Sa'ida ta juya littafin ta baya. Shafi huɗu cike da tafiyar kazar: lambobi, kibiyoyi, lambar wayar wani mai gyaran janareta. A shafi na uku ta ga dogon layin umarnin da yake ba kwampaila, an ja masa layi biyu a ƙasa. Ta bi shi da yatsa. Galibinsa abin da ta sani ne, har ta zo kan wata gajeriyar kalma kusa da ƙarshe. A gefenta ya rubuta da Hausa: don ya shiga ƙananan kwamfutoci.

"Alhamdu lillahi," ta ce a hankali.

"Kin gani?"

"Na gani, Anti. Haruffanmu masu lanƙwasa suna buƙatar wuri mai faɗi a cikin na'ura. Kwampaila takan ba kowane harafi gurbi huɗu. Shi ya rage zuwa biyu don ya yi tsimin wuri. Ni ina aika masa harafi a gurbi huɗu, biyu cike biyu fanko. Shi kuma da ya karanta biyun farko ya ci karo da fanko, sai ya ɗauka magana ta ƙare."

"Wato kamar mai karatu ya ga farin shafi ya rufe littafi."

"Haka ne, Anti."

Ba ta jira ta koma gida ba. A nan kan tabarmar ta ƙara kalmar a umarnin tafinta, ta gyara yadda yake jera haruffa kafin ya miƙa su, ta sake haɗawa. Ta buɗe littafin ta gaba, ta kwafi jimlar farko da idonta ya faɗa a kai, ta danna.

"Ƙanwata ta ɗauki ɓawon gyaɗa ta zuba a wuta," in ji kwamfutar, kowace lanƙwasa a wurinta.

Nana Hauwa ta rufe baki da gefen mayafi. Muryar ta ɗan yi tauri, tana taka gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya kamar mai tafiya a kan duwatsun rafi, amma tata ce, ta shekara goma sha ɗaya da suka wuce. "Ji yarinya," ta ce, idonta ya kawo ruwa. "Sake sa ta."

Akwai sauran abu ɗaya da Sa'ida ba ta manta ba, wato maƙalewar da ta kunyata Muttaka. Ba ta son ta faru a hannun Baba. Asabar da Lahadi ta yi ta ɗura wa muryar shafuka har ta kama ta: duk jimlar da ta wuce wani tsawo sai ta maƙale tana nanata gaɓa ɗaya. Ba ta da ikon gyara cikin laburaren, sai ta koya wa tafinta ya riƙa yanka doguwar jimla a kan waƙafi, ya miƙa ta gunduwa-gunduwa. Ta sa aka karanta littafin Baba tun daga farko har ƙarshe, lasifika a rage, tana aikin kamfani tana kasa kunne. Bai maƙale ko sau ɗaya ba.

Ranar Litinin da hantsi ta kai kwamfutar soro. Ta manna ɗan ƙyalle a kan maɓallai uku don yatsa ya gane su, ta kama hannun mahaifinta ta ɗora a kai.

"Wannan na tsakiya maimaitawa ne, Baba. Na dama gaba, na hagu baya. Danna na dama."

Ya danna. Muryar ta fara karanta babin farko, inda ya yi bayanin yadda fata ke fitowa daga hannun majema ta iso hannun baduku. Malam Isyaku ya sunkuyar da kai har jimla ta ƙare. Ya danna na tsakiya. Ya sake dannawa. Sa'ida tana tsaye a bakin ƙofa tana ƙirgawa a zuci, sai da ya ji jimlar sau bakwai.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Akwai 'kuma' guda biyu a layin nan. Ɗaya ta yi yawa. Tun ranar da kika fara karanta mini nake jin ta."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Ban tabbatar ba sai yanzu. Ɗauko biro. A'a, bari, je ki yi aikinki. Zan tara su a ka, in kin tashi aiki da la'asar sai mu gyara."

Ya juya ga kwamfutar ya danna na dama, kamar ba ta wurin.

Bayan kwana uku Muttaka ya zo, ya ce wucewa yake yi ya ga ya kamata ya gaida Malam. Sa'ida ta san daga Jakara ba a wucewa ta Ɗan Agundi sai da niyya. Ya zauna a gefen tabarma yana jin muryar matarsa tana karanta tarihin wani gidan dukawa, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Har aka zo inda Malam ya rubuta cewa wane ya ci gadon ubansa. Muryar ta gajarta gaɓar farko, ta furta shi kamar gadon kwanciya.

Malam Isyaku ya fashe da dariya. "Kullum sai ta ciyar da bawan Allahn nan katako. Na bar ta, ai na san abin da na rubuta."

Muttaka bai yi dariya ba. Ya matso kusa da kwamfutar. "Sake sa wurin, Malam." Ya saurara, ya ciji leɓe. "Na san inda wannan yake. Akwai jerin kalmomi masu rubutu ɗaya furuci biyu, na fara shi ban gama ba. Gado, fari, baba, suna da yawa. Sai an duba kalmar da ke gabanta da ta bayanta." Ya juya ga Sa'ida. "Tafintan nan naki, zai iya sauya kalma kafin ta shiga?"

"Zai iya. Amma faci ne a kan faci, Malam Muttaka. Gyaran gaskiya sai an sake rubuta cikin."

Ya murza hularsa a gwiwa. "Na manta abubuwa da yawa. Yaren rubuta manhajar ma an ce ya canza."

"Ya canza, amma ba kamar yadda kake tsoro ba. Kuma littafin Anti yana nan, jimla dubu uku ba abin da ya same su."

"Ranar Lahadi ba na buɗe shago sai azahar," ya ce, yana kallon ƙasa.

"To ka zo da safe. Amma da sharaɗi: duk layin da muka rubuta, a ranar za a ajiye shi wuri uku, kuma a rubuta lambar kwampaila da duk saitinta a shafin farko."

"Na yarda."

"Ku tafi can ciki ku yi shawararku," in ji Malam Isyaku. "Kuna hana ni ji."

Gyaran littafin ya ɗauki wata biyar. Malam ya cire shafi goma sha ɗaya, ya ƙara shida, ya kuma gano ya ba wani gida ɗinkin da ba nasu ba, abin da ya ce da an buga shi haka da bai sake shiga kasuwar Kurmi ba. Sabuwar muryar kuwa ta fi haka daɗewa, don Muttaka sai da ya koma ɗalibi, kuma ba ɗalibi mai saurin yarda ba ne, kowace Lahadi sai sun yi musu da Sa'ida. Nana Hauwa ta ce za ta sake karanta jimlolin idan an zo wurin, amma ta rantse ba za ta sake shiga sif ba, sai dai su nemo mata ɗaki mai fanka.